Koren Gyale a Ƙofar Gidan Mutane

Al Karama, Dubai
Farkon Nuwamba

Yaya Murja,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki gaishe min da Kawu, ki tambaye shi ko ƙafar ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai murar da sanyin na'ura yake sa min. Maigidana Malam Ɗalhatu yana gaishe ki.

Na san za ki yi dariya ki ce taubashiyarki ta ƙarasa haukacewa, ana zamanin waya tana aiko takarda kamar 'yan matan cikin littafi. Yi dariyarki. A nan kowa yana jan kunnen ɗan'uwansa cewa abin da aka rubuta a waya ba ya goguwa, ni kuma ina da maganar da ba na so ta zauna a waya. Alhaji Zainul Abideen mai kago, wato ofishin aika kaya gida, a unguwar Deira ya ce duk Hajiyar da za ta koma Kano zai ba ta, ta ajiye miki a shagon Kawu.

Kin san aikin Malam, ja-gorancin baƙi 'yan yawon buɗe ido. Kamfaninsu yana Port Saeed. Kullum da safe zai tattara su, Turawa da Indiyawa da 'yan Sin, ya tsallaka da su ruwa a abra, wato ƙaramin jirgin katako, ya zagaya da su tsohuwar unguwa, su ƙare a kasuwar kayan ƙamshi. Abin da ban taɓa faɗa miki ba shi ne zancen taurari. Da an gama yawo sai saƙo ya shiga wayar kowane baƙo, a ce ya ba ja-gora tauraro daga ɗaya zuwa biyar, ya rubuta yadda ya ji. Taurarin Malam sun yi ƙasa. Manaja ya kira shi ya ce in sanyi ya wuce ba su tashi ba, za a sallame shi. Bizata kuma a jikin tasa take rataye. In aikin ya tafi, mu biyu muka tafi.

Ya karanta min abin da suke rubutawa. Wata ta ce har aka gama bai kalli fuskarta ba, kamar ta yi masa laifi. Yaya, mutumin da Umma ta haifa ta yi wa tarbiyya ne zai tsaya yana ƙure matar mutane da ido? Wani ya ce yana sauri yana barin tsofaffi a baya. Wani ya ce shekarun gini kawai yake jerowa kamar mai karanta sakamakon jarrabawa. Wani kuma ya ce unguwar an shafe ta fes kamar jiya aka gina ta, shi bai ji tsufanta ba. To wannan kuma laifin wa?

Ranar Asabar na roƙe shi na bi su, na tsaya a baya kamar baƙuwa. Na tausaya masa. Yana ta bayani mai kyau, su kuma suna neman inuwa da ban ɗaki. In ya nuna musu bango su ɗauki hoto su duba agogo. Wata kyanwa ta gifta, duk suka juya suka bi ta. Da aka ba su gahawa da dabino a wani tsakar gida sai fuskarsu ta saki, da wani mai shago ya ja hannun rigar ɗayansu kuma ta sake ɗaurewa. Ni dai na lura ba gini suka zo gani ba. So suke su ji cewa mutum ya taɓa zama a wurin, ya yi dariya, ya yi kuka.

A wani lungu akwai gida a rufe, ƙofar katako mai sassaƙa da zoben ƙarfe, a samansa hasumiyar nan mai ramuka da take jawo iska cikin ɗaki, wadda suke kira barjil. Ina ɗaga kai labari ya faɗo min gaba ɗayansa, kin san yadda yake yi min. 'Yar attajirin lu'ulu'u ce, na sa mata suna Muhsinat. Tana son wani talaka mai nutso a teku, tana sulalewa ta same shi a bakin ruwa. Da jirginsu zai tashi ta yi masa alkawarin rataya koren gyale a hasumiya don ya hango shi in sun dawo. Jirage suka dawo ban da nasa. Ta tsufa tana canza gyale duk shekara.

Na ba Malam labarin muna cin abinci, ya yi dariya har ya ƙware. Ashe ya riƙe. Da ya ga baƙi sun fara hamma a lungun nan sai ya tsaya a ƙofar ya ba su. Ya ce wata Baturiya har da hawaye. Ranar kowa biyar ya ba shi, washegari ma haka. Manaja ya dafa kafaɗarsa ya kira shi habibi, wato masoyi.

Ya kamata in yi murna, kuma ina yi. Amma tun ranar gabana yake faɗuwa ban san dalili ba. Kada ki faɗa wa kowa.

Ƙanwarki,
Khairunnisa

*

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
Ƙarshen Nuwamba

Baiwata Hairu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafar Kawu ta yi sauƙi har ya koma faɗa da yaran shago, ya ce a gaishe ki da Ɗalhatu. Murarki kuwa ki sha citta ki daina kwana a gaban na'ura kamar kifin firji.

Takardarki ta daɗe a jakar Hajiyar, ta iso tana ƙamshin turaren wuta. Na karanta a ofishin malamai, na yi dariya har shugabar makaranta ta leƙo. Wato littattafan da Gwaggo take ƙwacewa a ƙarƙashin filonki yau su ne suke ciyar da ku. Allah mai iko.

Amma ina da tambaya, kuma ki ba ni amsa ba tare da kwalliya ba. In Ɗalhatu zai fara, yana ce musu ga ta nan ga ta nanku? Ko kuwa da muryar da yake faɗin shekarun gini, da ita yake faɗin Muhsinat? Mu nan in an ce tatsuniya ce kowa ya sani, har yaro. Su baƙin nan sun biya ne a faɗa musu tarihi, kuma katin ja-gora yana rataye a wuyansa. Duk abin da ya fito daga bakinsa gaskiya za su ɗauke shi.

Na biyu, gidan na wane ne? Kin ga ƙofa a rufe kin ɗauka ba ta da masu ita. Gidanmu na cikin gari ma a rufe yake tun da muka tashi. To ki bari wani ya tsaya a zaurensa ya tara mutane ya ce kakarmu tana sulalewa zance a ɓoye, ki ga abin da Kawu zai yi da sandar nan tasa. Faɗuwar gaban da kike ji ke nan, ba wani aljani ba.

Ki ce masa ya bari tun da wuri. In labari suke so ya ba su na mutanen da ba su da gida a unguwar. Zancen kallon fuska kuma mai sauƙi ne, ya riƙa kallon goshinsu ko bakin hularsu, ba za su gane ba. Haka nake yi wa iyayen yara maza. Ya kuma rage sauri, ba sallar Juma'a za shi ba.

Na haɗu da Umma a wajen suna, tana ta yabonki. Na rufa miki asiri.

Uwar ɗakinki,
Murjanatu

*

Al Karama
Tsakiyar Disamba

Yaya Murja,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Lafiyar jiki muna da ita, ban da barci da cin abinci.

Takardarki ta zo bayan abin ya riga ya faru. Da na karanta zancen gidanku na cikin gari sai da na zauna a ƙasa.

Wata baƙuwa ta ɗauki Malam a bidiyo yana ba da labarin, ƙofar tana bayansa ƙarara, ta sa a intanet. Faridatu ce ta nuna min, maƙwabciyarmu 'yar Ghana da katako kawai ya raba ɗakinmu da nata, tana aiki a wani shagon shayi a unguwar. Ta shigo tana murna wai mijina ya zama tauraro. Na ga adadin waɗanda suka kalla, ba kaɗan ba ne. Yanzu sauran 'yan ja-gora duk sun ɗauka, kowa da ƙarinsa. Wani ya ce uban ne ya sa aka nutsar da saurayin. Wani ya ce da ciki ya bar ta. Wallahi Yaya ni ban faɗi haka ba. Baƙi suna ɗaure koren gyale a zoben ƙofar suna hoto, wani mai shago a bakin lungun har ya jera korayen gyale zalla.

Ranar Litinin wani dattijo ɗan ƙasa ya je ofishinsu. Bai ɗaga murya ba. Ya nuna bidiyon ya tambaya ko wannan ma'aikacinsu ne. Ya ce gidan na kakanninsa ne, mahaifiyarsa a ciki aka haife ta, tana raye, kuma ta gani. Ya bar kwatancen gidansu na yanzu ya ce Malam ya zo ranar Alhamis bayan la'asar. Yana fita manajan da yake cewa habibi ya karɓe katin Malam, ya ce ya zauna a gida har a ga yadda za ta kaya, kuma kamfani bai san da wani labari ba.

Yaya, a ƙasar nan taɓa mutuncin iyali ba abin wasa ba ne, maganar 'yan sanda ce. Faridatu ta ce ta san wanda aka kulle aka kuma kore shi a kan abin da bai kai wannan ba. Da ta ga fuskata sai ta ce wataƙila dai ba ta ji daidai ba, ta kawo min shinkafa da wake irin tasu. Ban iya ci ba. In na ji an taɓa ƙofar gidanmu sai in ɗauka 'yan sanda ne, ko da mai kawo ruwa ne. Na kashe wayata na sa a ƙasan akwati. Na tattara littattafaina na ɗaure a leda, ban san me ya sa ba, kamar su za a zo kamawa.

Malam ya ce zai ce shi ya ƙirƙira, kuma ya hana ni buɗe baki. Na ce ai ni ce. Ya ce bakinsa ne a bidiyo, ba nawa ba, khalas, magana ta ƙare. Bai yi min faɗa ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Zama yake a bakin gado yana goge takalmin da ba inda zai je da shi.

Mun je wurin Alhaji Zainul Abideen. Ya saurara yana jan carbi, ya ce yaro ba ya zuwa ban haƙuri shi kaɗai, dole da babba a gaba, kuma ba a zuwa hannu sake. Ya ce zai sa babbar riga ya raka mu, yana da goro mai kyau da aka kawo masa. Malam ya ce anya Larabawa sun san wannan? Alhaji ya ce mutunci ba shi da ƙasa. Na nace sai na bi su, da ƙyar Malam ya yarda, da sharaɗin in yi shiru.

Jibi za mu je. Ban san ko daga can gida za mu dawo ko wani wuri za a wuce da mu ba. In kin ji shiru ki yi mana addu'a. Don Allah kada Umma ta ji.

Khairunnisa

*

Gyaɗi-Gyaɗi
Ƙarshen Disamba

Hairu,

Ba ni da doguwar gaisuwa. Muna nan, in wannan sunansa lafiya.

Takardarki ta zo min bayan Alhamis ɗin da kika faɗa ta wuce da kwanaki. Kin ce in na ji shiru in yi addu'a. To shiru na ji. Na kira wayarki a kashe, na kira ta Ɗalhatu tana shiga ba a ɗauka, daga baya ita ma ta mutu. Na sake karanta inda kika ce an karɓe katinsa, da inda kika ce ba ki san ina za a wuce da ku ba. Ke a matsayina me za ki fahimta? Ni na ɗauka kuna hannu.

Na riƙe kwana biyu, na kasa. Na faɗa wa Kawu don ya nemo lambar Alhajin kago a wurin 'yan kasuwa. Kin san Kawu da sirri. Kafin magariba ya je gidan Umma da kansa wai zai kwantar mata da hankali. Yanzu Umma tana azumi, an sa malamai sauka, kuma rabin unguwa sun san an kulle Ɗalhatu a Dubai. Wasu sun ce zinariya ce, wasu sun ce takardu. Babu wanda ya ce gyale, ni ma ban faɗa ba. An samu lambar Alhajin, yaron ofis ya ce ya tafi Sharjah duba kwantena.

Ki yi fushi da ni in kina so, amma ki yi shi da muryarki. In takardar nan ta same ki a ɗakinki, ki ciro wayar nan daga akwati ki kira Umma kafin ki ajiye ta. Ba sai kin faɗi komai ba, ki ce mata kin ci abinci kawai. In kuma ba ke ce kike karantawa ba, duk wanda ya buɗe, don Allah ya kira lambar da na rubuta a baya. Yarinyar nan ba ta da mugunta, karatun littafi ne ya yi mata yawa.

Murjanatu

*

Al Karama
Farkon Janairu

Yaya Murja,

Assalamu alaikum. Muna gida, lafiyarmu ƙalau, ba wanda ya taɓa mu. Mun kira Umma, ta yi kuka ta yi faɗa ta sake kuka. Ban yi fushi da ke ba. Ni na tsorata na kashe waya, Malam kuma ya daina ɗaukar kira don 'yan jaridar intanet da suke nemansa. Ga yadda aka yi.

Gidan babba ne, a wata unguwa mai shiru. Tun daga bakin get Alhaji ya ce mu cire takalma. Muka taka tayil ƙafa ba komai. Dattijon yana fitowa Alhaji ya zube ƙasa da babbar rigarsa, ya durƙusa ya miƙa ƙunshin goro da hannu biyu, mu ma muka zube a bayansa. Yaya, mutumin nan ya ɗauka Alhaji ne ya yanke jiki ya faɗi. Ya ƙwala kira a kawo ruwa, ya ciro waya zai kira motar asibiti. Ni da na ga waya a hannunsa na ce shi ke nan, 'yan sanda ne. Sai da Malam ya yi masa bayani da Larabci cewa gaisuwa ce. Fuskar dattijon ta canza, ya kama Alhaji ya ɗaga shi da ƙarfi, ya ce a gidansa ba a durƙusa wa kowa sai Allah. Na ga kunya ta kama Alhaji. Mun zo gyara mun ƙara ɓatawa.

Abin da ba mu lissafa ba, a can ma maza daban mata daban. Aka wuce da su falon baƙi, wata budurwa ta kama hannuna ta yi ciki da ni. Duk shirin da Malam ya yi na in yi shiru a bayansa ya rushe.

Tsohuwar tana zaune a ƙasa a kan darduma duk da kujerun da suka cika ɗakin, 'yar ƙarama, hannunta da lalle. Budurwar jikarta ce, ita take fassara min da Turanci. An kawo mata goron, ta juya shi, ta gatsa, ta yamutsa fuska ta tofar a tishu. Na ce a raina yau mun ƙare. Ta dube ni ta yi magana.

"Namiji ba ya lura da launin gyale. Ke ce?"

Na ce ni ce.

Ta tambaya wa ya faɗa min. Na ce ba kowa, ƙofar ce ta yi min kyau. Jikar ta fassara, tsohuwar ta sa ta maimaita. Ta ce a duk danginsu ba a taɓa yin Muhsinat ba, ko a ina na samo sunan. Sannan ta ce a zamanin da labarin ya nuna, budurwa ɗaya ce a gidan, ita ce mahaifiyarta. Ba ta taɓa zuwa bakin ruwa ita kaɗai ba. Ta haifi tara, ta binne uku a shekarar da cuta ta shigo gari. In zafi ya tsananta takan jiƙa zani ta shanya a ƙarƙashin hasumiyar, ta jera yara a wurin don iskar ta sauko da sanyi, ita kuma ta zauna a gefe tana yi musu fifita. Abin da aka taɓa ratayawa a wurin ke nan. Ta ce a wani biki da aka yi kwanan nan wata mata ta tambaye ta, cikin dariya, a gaban surukan jikarta, wai wace ce a cikin iyayenta mai saurayin teku.

Yaya, na so ƙasa ta buɗe. Na yi kuka, ba na tsoro ba wannan karon. Ba ta rarrashe ni ba. Ta bari na gama, ta sa aka ba ni ruwa.

Ta ce ɗanta ya so ya kai ƙara, ita ta hana, don ba ta so a karanta sunan mahaifiyarta a gaban alƙali. Abu ɗaya take so. Wanda ya tsaya a ƙofar ya faɗa, ya koma ƙofar ya ce ba gaskiya ba ne, kuma ya ci gaba da faɗa wa duk wanda ya kai wurin. Aka kira Malam bakin labule, ya yi mata alkawari da bakinsa. Na ce ta yafe min. Jikar ta ce, "Ta ce ta ji." Iyakar abin da na samu ke nan.

A mota da muka kusa Deira Alhaji ya ce goron ne bai yi musu ba, da dabino muka kai.

An mayar wa Malam katinsa. Gobe zai koma aiki.

Khairunnisa

*

Gyaɗi-Gyaɗi
Ƙarshen Janairu

Baiwata,

Alhamdu lillahi. Kowa lafiya. Umma ta sha ruwa, ta ce a faɗa wa Ɗalhatu in ya sake ƙin ɗaukar waya za ta zo Dubai da kanta ko da a ƙafa. Kawu yana bin gida gida yana janye zancen kullewa, amma kin san mutane, sun fi son na farkon.

Na karanta wa maigidana wajen zubewar Alhaji, ya yi dariya har yara suka farka daga barcin rana. Ni kuwa wajen tsohuwar ne ya tsaya min. Matar nan ta yi muku adalci fiye da yadda zan yi.

Amma ban ga kin yi murna a ƙarshen takardar ba. Kin ce gobe zai koma, kika ajiye biro. Na san ki. Me ya rage? Taurarin fa?

Murjanatu

*

Al Karama
Tsakiyar Maris

Yaya Murja,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kowa da kowa. Muna lafiya, murar ma ta tafi. Ki yi haƙuri da jinkirin, na jira ne in ga ƙarshen abin kafin in rubuta.

Kin canka. Na ɗauka 'yan sanda ne abin tsoro, ashe taurarin ne dai.

Baƙi yanzu da bidiyon a hannu suke zuwa. Tun a cikin abra suke tambayar ƙofar gyale, wasu har sun sayi nasu. Malam yana kai su, ya tsaya, ya ce labarin ƙirƙira ne, shi ya fara faɗa kuma ya yi kuskure. Sannan ya ba su na jiƙaƙƙen zani da yara a jere. Ya gyara duk abin da kika ce, yana kallon goshi, yana jiran tsofaffi, ya san inda inuwa take da inda ban ɗaki yake. Wasu suna jin daɗi. Wani tsoho ɗan Indiya ya riƙe hannunsa ya ce haka kakarsa take yi musu, ya ba shi biyar. Amma mafi yawa fuskarsu faɗuwa take yi. Ɗaya ta rubuta cewa ya ɓata mata ranar da ta daɗe tana jira. Wani ya ce ja-goran kamfanin gaba ya fi shi sanin tarihi, don shi ya ba su labarin cikakke. Yana faɗin gaskiya a nan, a bayansa wani yana jiran ya matsa ya tara nasa baƙin a ƙofar.

Kullum in ya dawo ba na tambaya, fuskarsa nake dubawa. Haka muka yi ta yi.

Manaja ya kira shi ya ce tunda iyalin ba su kai ƙara ba, ga mafita: ya ɗauke labarin ya kai wata ƙofar a wani lungu, kowa ya huta. Malam ya ce waccan ƙofar ma tana da masu ita. Manaja ya ce to ya yi shiru kawai, kada ya faɗa kada ya ƙaryata. Malam ya ce ya yi wa tsohuwa alkawari. Da na ji na ce masa ko zai yi shirun, na ɗan lokaci, har sanyi ya wuce. Ni na faɗi haka, Yaya, bayan duk abin da na gani a ɗakin nan. Na tashi na shiga wanke-wanke.

An sallame shi. Ya zaga kamfanoni, Alhaji ma ya yi masa magana a wurare, amma duk wanda ya duba sunansa taurarin yake fara gani. Wa'adin barin ƙasa da aka ba mu ya kusa cika, ba za mu bari ya wuce ba. Mun sa kaya a kago, Faridatu ta karɓi tukwanena tana kuka tana cewa za mu dawo inshallah. Za mu sauka Kano kafin azumi. Ki faɗa wa Umma da kanki, kada ki bi ta wurin Kawu.

Abin mamaki, tun ranar da aka sallame shi nake barci.

Jiya da yamma ya ce mu hau abra sau ɗaya ba tare da baƙi ba. Muna tsakiyar ruwa na tambaye shi ko yana jin haushina. Ya kalli jiragen katakon da ake loda wa kaya. Ya ce ya ji, kwana biyu, ya wuce. Ya ce labarin yana da kyau, shi ya sa ya ƙi mutuwa.

"In mun koma ki rubuta shi littafi," ya ce. "Amma ki gina musu gidansu da kanki, a garin da babu shi."

Ki nemo min littafin rubutu mai kauri, irin na 'yan ajinki.

Ƙanwarki,
Khairunnisa